Mercedes 280 SL da ta daɗe a gindin mangwaro: a yanka ko a tayar?

Sani Malali:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai Mercedes 280 SL ƙirar 1979, mai ƙofa biyu, irin wadda ake cire rufinta, a wani gida a Unguwar Rimi. Magada ne ke son rabuwa da ita. Ta daɗe a ajiye a gindin mangwaro, tayoyi duk sun zauna, amma rufin ƙarfen yana kanta, fitilu kuma ba wadda ta fashe. 'Yan gwangwan sun taya ta a kan kilo. A yanka a sayar da kaya ɗaya-ɗaya, ko a tayar da ita? In yankan ne, daga ina ake farawa?

Oga Bala Panteka:
Wa'alaikumus salam. Da farko dai a kori maganar kilo. Mai kilo da guduma da wutar gas yake zuwa, kafin la'asar ya fasa gilashi ya ƙone waya don jan ƙarfen ciki. Wannan mota ba kuɗin ƙarfe ne a jikinta ba. Ni shawarata a yanka, amma yankan sufana, noti bayan noti.

Alhaji Lawal Barnawa:
Haba Oga Bala, ba ka ko ga motar ba ka yanke mata hukunci? Wannan ƙirar, wadda kamfanin ke kira R107, daga 1971 zuwa 1989 aka yi ta, sama da 237,000, kuma galibi Amurka suka tafi. Ita 280 SL mai silinda shida ba a ma kai ta Amurka sayarwa a hukumance ba. Guda nawa suka rage a Kaduna? Duk wadda aka yanka ta tafi ke nan.

Injiniya Maryam:
Alhaji, ranka ya daɗe, da kai da Oga Bala duka tsatsa ce za ta raba muku gardama. Malam Sani, a buɗe bonet, a duba bangon da ya raba injin da cikin mota. A tsakiyarsa, ƙasa da gilashin gaba, akwai murfin da fankar hita ke ciki. A kwance shi a haska da tocila. Ruwan sama yana shiga akwatin nan ta ragar iska, ya fita ta 'yan bututai. Ganyen mangwaro da ƙurar hunturu suna toshe bututan, ruwan Agusta ya kwanta a ciki, ya ci ƙarfen daga sama zuwa ƙasa har ya riƙa zuba a ƙafar direba. Nan ne cutar wannan mota. Gyaransa sai an sauke dashbod gaba ɗaya da akwatin hita, wani lokacin har da injin, kafin mai walda ya samu wurin sa hannu.

Bayan nan a ɗaga kafet a soki daɓen da sukundireba, a duba ramuka huɗu na jak a ƙasan ƙofofi, da akwatin da rufin tamfol ke naɗewa a ciki, da ramin safaya taya. A bi jikin da mayen ƙarfe: inda bai kama ba, fila ce aka cika. Mota mai buɗaɗɗen sama ƙarfinta duk a ƙasa yake. Idan ƙarafan ƙasan ƙofa sun ruɓe, da an ɗaga ta a jak za a ga tazarar ƙofa ta canza, ƙofa ta ƙi rufuwa. In aka ga haka tare da ruɓaɓɓen bango, a yanka. In bango da daɓe lafiya lau, Alhaji ne mai gaskiya, ko da injin ya kafe.

Sani Malali:
An duba yadda kika ce, Injiniya. Akwatin fankar ya huje, hannu yana shiga. Daɓen direba sukundireba ta wuce. Da aka ɗaga ta baya ƙofar hagu ta sauka.

Alhaji Lawal Barnawa:
Innalillahi. To shi ke nan, a yanka ɗin. Amma don Allah a yi mata yankan mutunci.

Nura Kawo:
Ai abin mai sauƙi ne. A cire injin da giya a kai Panteka, su ne kuɗin. Sauran tarkace a bar wa 'yan gwangwan.

Oga Bala Panteka:
Nura, ka juya lissafin. Injin nan M110 ne, lita 2.8, kamshaf biyu a sama. Shi ne a cikin 280E da 280CE, shi ne a cikin 280SE babba. Wanda ke neman sa zai samu a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas ba tare da ya jira SL ba. Abin da kake kira tarkace shi ne ba a samu.

Ga hanyar ganewa. Kayan Mercedes suna da lamba mai alƙaluma goma a jikinsu, ukun farko suna faɗin motar da aka fara ƙera kayan dominta. In ka ga 107, na wannan motar ne, ka riƙe shi da hannu biyu. In ka ga 115 ko 116 ko 123, tarayya take yi da salun, kuɗinsa na kasuwa ne. Ƙafafun motar ma daga salun ɗin W114 da W115 aka ɗauko tsarinsu. Masu 107 su ne rufin ƙarfe da makullansa, ƙarafan rufin tamfol, fitilun gaba, fitilun baya masu gurabu, ragar gaba mai babban tauraro, bamba, gilasai, da sandunan ado na gefe da na kewayen gilashi.

Injiniya Maryam:
Ƙari a kan fitilu da bamba. Na Amurka fitilu huɗu ne masu zagaye, kuma daga 1974 aka sa musu dogayen bamba masu nauyi. Masu motar a can da yawa suna neman faffaɗar fitilar Turai da siririn bamba su canza. Tunda wannan 280 SL ce, na Turai ne a jikinta. A cire su a farko, a naɗe da bargo. Kunnuwan da ke riƙe fitilar suna karyewa da ɗan murɗi, kuma fitila mai karyayyen kunne ta zubar da rabin darajarta.

Injin ma Nura ka lura, ko da sunan ɗaya ne ba a ɗaukar na SL a jefa cikin 280E kai tsaye. Na wannan shekarar lambarsa tana farawa da 110.986, na 280E kuwa 110.984 ko 110.988. Kaskon baƙin mai da ƙafafun injin da bakin salansa sukan bambanta. A sayar da shi da su a jiki.

Malam Idi Rewaya:
Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a yi gwaji tun motar tana haɗe, domin kayan da aka gwada aka ɗauki bidiyonsa ya fi wanda ake rantsuwa a kansa tsada. A sa batir mai kyau, amma a cire rile ko fis na famfon mai tukuna, kada ya tura ruɓaɓɓen fetur cikin kan rabon mai. Sai a gwada waifa, motocin gilashi, fankar hita, agogon dashbod, hon, rediyo. In rediyon Becker ne na asali, shi kaɗai abin nema ne, kada a ɓamɓare shi da sukundireba. Ana zare maɓallan gaba da fuskar, maƙalansa suna ciki.

Wayarin kuma a fitar da shi ɗungurungum. Soket ɗin Mercedes na wancan zamanin murfinsu buɗewa yake, a zare fil ɗaya-ɗaya a wuce da waya ta rami ba tare da yanka ba. A ɗauki hoton jerin fil ɗin kafin a zare, in ba haka ba mayar da su sai an nemo zane. Kowane soket a naɗa masa salatif a rubuta inda yake zuwa. In ɓeraye sun riga sun ci shi, to a yanke soket ɗin da tsawon taƙi guda na waya a jikin kowanne, suna sayuwa.

Oga Bala Panteka:
Gwajin injin kuma haka ne. A cire filogi shida, a zuba man giya kamar cokali biyu a kowace silinda, a bar shi kwana biyu zuwa uku. A sa soket 27 a notin karanshaf na gaba a juya da hannu, ta inda injin ke juyawa kawai. Kada a juya baya, cen ɗin tayimin zai saki ya iya tsallake haƙori. In ya zagaya sau biyu ba cijewa, a canza baƙin mai, a buga kik ba filogi har man giyar ya fita, sannan a auna kwamfireshan. Lafiyayye yana ba da bar 10 zuwa 12, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce bar 1.5. A rubuta alƙaluman shida a kwali a ɗaure a jikin injin.

In ya ƙi juyawa, kada a ja motar da wata a saka giya, kada a ƙara dogon bututu a kan sufana a hau. Ringi ne ya manne da tsatsa, ƙarfi zai karya shi ya kankare silinda. A ƙara jiƙa shi mako guda. In ya ƙi, a sayar da tof ɗin daban, shi ne mai daraja, alminiyam ne.

Baba Tanimu mai Fijo:
Yara ku ba ni wuri, tunda ana maganar cire tof. A Mercedes ɗin nan ba matsala, silinda a jikin bulok take. Amma wanda ya saba da ita ya zo kan Peugeot 504 zai yi ɓarna. Injin 504 silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zaune kawai yake cikin ruwa, tof ne ke danne shi. Ka ɗaga tof tsaye, ko ka juya karanshaf bayan ka cire, silib ya motsa, hatimin ƙasansa ya tashi, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ana kwance notuna, a bar ɗaya a kusurwa sako-sako, a goga tof ɗin gefe ya rabu da gasket, sannan a ɗaga. Nan take a danne silib da manyan wosha da gajerun notuna.

Na kawo wannan ne don akwai 'yar uwar wannan magana. 504 Coupé, mai ƙofa biyu, wadda aka yi daga 1969 zuwa 1983. Mutanenmu suna ganin tunda PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa 504 a Kakuri tun 1975, kayanta sun cika gari. A'a. Coupé ba a Kakuri aka haɗa ta ba, jikinta Pininfarina ne ya ƙera a Italiya, ba ƙofa ko bonet ko gilashin salun da zai hau ta. Tsakanin tayoyinta mita 2.55 ne, na salun 2.74, don haka bututun farfela ma ya fi gajarta. Injin mai silinda huɗu da ƙafafu su ne ake samu a gari. Wanda ya samu Coupé ya yanka bodinta don ya sayar da injin, ya zubar da nama ya riƙe ƙashi.

Alhaji Lawal Barnawa:
Baba ka tuna mana. Mai V6 ɗinta ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978, Jean-Pierre Nicolas ne ya tuƙa. Ita ma 107 mai dogon jiki, 450 SLC 5.0, ta ci gasar Bandama a Kwaddebuwa a 1979 a hannun Hannu Mikkola. Motocin nan sun san ƙasar Afirka.

Baba Tanimu mai Fijo:
Haka ne Alhaji. V6 ɗin kuma shi ne na 604 da Volvo 264 da Renault 30, shi ma mai silib ne, dokar ɗaya ce. Mai silinda huɗun kuwa in ka ga famfon tura mai na Kugelfischer a gefensa maimakon kafireto, a cire shi da bututansa huɗu da nozul a ajiye tare. Da yawa an tuge su an sa kafireton Solex an jefar, yanzu nema ake.

Sani Malali:
Allah ya ƙara girma Baba. To a SL ɗin, bayan gwaji me ke biye?

Injiniya Maryam:
Ruwaye. A cire kan batir na negetib, a fitar da batir ɗin daga wurin. Fetur tukuna: tankin yana tsaye ne a bayan kujeru, saman aksul na baya, yana cin wajen lita 90, famfon kuma yana ƙasa kusa da shi. Tsarin tura mai na injin nan, K-Jetronic, yana aiki da matsin da ya kai bar 5, kuma akwai 'yar tukunya kusa da famfon da ke riƙe matsi bayan an kashe mota, don haka a rufe mahaɗar da tsumma a sassauta a hankali. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa. A cire shi a kai nesa, a cika da ruwa, kafin wani ya kunna giranda ko wutar gas a wurin.

Sai baƙin mai, lita shida da ɗoriya. Man giya ta wuri biyu ake zubar da shi: kasko, da kuma kwambata da ke tsakanin injin da giya, wadda ke da nata notin na alanki 5, sai an juya injin ya leƙo ta tagar ƙasa. Ruwan lagireto, man sitiyari, man birki. Shi man birki yana cin fenti, kada ya ɗiga kan ƙofa ko bonet da za a sayar. Kowane a jarkarsa, kada a zuba a kwata, daga kwata sai kogin Kaduna. In tana da AC, iskar R12 ce a ciki. Ta haɗu da harshen wuta tana zama guba, a kira mai AC ya zuƙe ta. Ƙurar birki da kuloci na wancan zamanin kuma akwai asbestos, a jiƙa da ruwa a goge, kada a hura da iska.

Oga Bala Panteka:
Daga nan ƙa'ida ɗaya ce: mai fashewa kafin mai nauyi. Rufin ƙarfe mutum biyu ke ɗagawa bayan an saki makullan gaba biyu da na gefe da na baya, a jingine shi a tsaye kan tsohuwar taya. Sai fitilu, raga, bamba, madubai, sandunan ado. Sandunan nan alminiyam ne, in suka lanƙwashe ba sa komawa, a nemo maƙalansu ta ciki maimakon a ɗaga ta waje. Sai kujeru, katakon tsakiya, agogo, sitiyari, dashbod. Dashbod ɗin da rana ta gasa yana tsagewa in aka riƙe shi ta gefe ɗaya, mutum biyu su tallafe shi.

Gilashin gaba a nan ake asara. Na 280E roba ce ke riƙe shi, ka yanka robar ya fito. Na SL manne shi aka yi da gam. Siririyar waya ake zurawa ta cikin gam ɗin, mutum ɗaya ciki ɗaya waje, a ja kamar zarto, a hankali a kusurwoyi. Wanda ya tura da ƙafa daga ciki ya tsaga shi. A ajiye shi a tsaye, ba a kwance ba.

Nura Kawo:
Indomin salansa fa, wato abin tace hayaƙin nan? Ko shi ma an ce ba kuɗi?

Malam Idi Rewaya:
Babu shi ma sam. Na Amurka ne aka fara sa wa tun tsakiyar shekarun 1970. Wannan ta Turai ce ta 1979, kada a farke salansa a banza.

Baba Tanimu mai Fijo:
Wanda zan ja wa kunne shi ne yaron da za a sa ya kwance ƙafar gaba. Sifirin ɗin gaba na tsofaffin Mercedes dogo ne, a matse yake ƙwarai ko da motar tana sama. Maƙatan nan biyu da ake kama sifirin ta waje, na ƙananan motocin Japan, ba su riƙe shi, zamewa suke. Nasa abin matsewa faranti biyu ne da sanda mai zare da ke bi ta tsakiya. In babu, a bari injin yana ciki don nauyinsa ya danne motar, a sa jak mai ƙarfi ƙarƙashin hannun ƙasa, a zarga sarƙa ta cikin sifirin a ɗaure da jikin mota, sannan a sauke kaɗan-kaɗan, kowa ya kauce daga gabansa. In an riga an cire injin, jak ɗin motar zai ɗaga gaba ɗaya maimakon ya matse sifirin. Kuma kada a sa wuta a yanka shi yana matse.

Injiniya Maryam:
Saboda haka sifirin kafin injin, Baba ya gyara mana jeri. A kuma duba ƙarfen da ƙafafun gaba ke ɗaure a kai, wajen kunnuwan hannun ƙasa. Yana tsagewa a nan a wannan ƙirar. Mai tsaga a kai kilo, kada a sayar wa wani ya sa a mota.

Injin da giya tare suke fita, da cen bulok, gaba sama baya ƙasa, bayan an cire lagireto da bonet. Kafin nan a yi wa farfela alama da fenti a inda rabi biyun suka haɗu, domin tare aka daidaita su, in aka juya haƙori mota za ta riƙa rawa a gudu. Wajen raba giya da injin, a kwance notuna shida da ke haɗa kwambata da filawil ta tagar ƙasa, kwambata ta tafi tare da giya. In ta bi injin, wuyanta zai yage sil ya iya fasa famfon giya. A ɗaure ta da waya kada ta zame. Kan rabon mai kuma kada a buɗe shi. Sandar da ke tsakiyarsa in ta manne a jiƙa da man wanke kafireto, ba a goga mata samfefa, da ta ɗan karce ta tashi aiki. A toshe duk ramukansa a sa a leda.

Barista Auwal:
Ku yi haƙuri in sa baki ta ɓangarena. Motar gado ce, don haka takardar ciniki ta ɗauki sa hannun wanda magada suka wakilta, da shaidu, da lambar chasis da ta injin. A gwada lambar jikin ƙarfe, wadda za ta ƙunshi 107.042, da ta takarda. Mai sayen injin a ba shi rasit mai lambar injin. Abu ɗaya da ba a sayarwa ko nawa aka taya: farantin lambar chasis da takardun motar. Masu neman su mota ta sata suke son yi wa sabon suna, ranar da aka kama ta kuma sunan da ke takarda za a bi. A yanke wurin lambar a ajiye tare da takardu da hoton gangar jikin a kan sikeli.

Sani Malali:
Na gode Barista. Ajiya fa, tunda ba rana ɗaya za su ƙare ba?

Oga Bala Panteka:
Ba za su ƙare ba kam, masu 107 a garin nan ba su da yawa, wasu kayan sai ta intanet. Kowane kaya a wanke, a ɗauki hotonsa da hoton lambarsa, notunansa a leda a ɗaure a jikinsa. Na hagu da na dama a sayar tare. Injin a mayar masa da filogi, a toshe bakin iska da na salansa da tsumma mai mai, a ɗora kan katako, a juya shi da soket 27 duk wata. Kayan kurom a shafa musu giris siriri kafin damina. Kujeru da roba da dashbod a ɗaki, nesa da rana da ɓera. Rim ɗin alminiyam masu gurabu, inci 14, a haɗa su da notunansu, domin na rim ɗin ƙarfe gajeru ne ba sa kama su. Ƙofofi, bonet da murfin but a kwance su da hinjis ɗinsu. Abin da ya rage bayan nan shi ne rabon 'yan kilo, a ware musu alminiyam da jan ƙarfe daga baƙin ƙarfe kafin a hau sikeli.

Malam Idi Rewaya:
Makulli kuma, Sani. Na kunnawa, na ƙofofi biyu, na but, na akwatin dashbod, a haɗa su leda ɗaya da ɗan makullin. In babu ɗan makullin, kada a fasa na sitiyari da cizal, a cire hannun ƙofar fasinja a kai wa mai yankan makulli ya fitar da shi daga nan.